Shanun Darekta da Awakin Asma'u

Litinin, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na tsinci wannan kaye, wato littafin rubutu, a ƙasan akwati, cikin ragowar waɗanda na taho da su daga lekol, makarantar da na koyar, ranar da na ajiye aiki. Shekara talatin da huɗu ina sa yara su rubuta kwanan wata a saman shafi, yau ga ni ina yi da kaina, ba mai duba mini. Matata Asma'u ce ta ce in dai zan riƙa zagaya gida ina magana ni kaɗai, gara in zauna in rubuta, kaji ma su huta da ni.

To, ga abin da ake ciki. Ni ne Na Allah, wanda mutanen garinmu Mayahi ke kira Darekta, wato shugaban makaranta, har yanzu, ko da yake ba abin da nake shugabanta sai buta da tabarma. Da aka biya ni kuɗin sallama bara, ban kai banki ba, ban sayi fili ba. Bijimai biyar na saya, na ɗaure su a bayan gida, da niyyar in sun yi ƙiba in sayar wa 'yan Najeriya masu zuwa da manyan motoci duk Litinin. A takarda lissafin ya yi kyau ƙwarai. Ni ne fa na koya wa rabin garin nan lissafi.

Sai hanya ta rufe. Dalilin ba sai na rubuta ba, rediyo ta faɗa har ta gaji. Motoci suka daina zuwa, kuɗin can ƙetare kuma ya yi ta zubewa kullum.

Uku suka rage a turke. Sauran biyun, Lamine, ɗana na biyu mai shagon kayan babur a Tasawa, shi ya kora su ta hanyar daji ya sayar a can. Aka biya shi da naira, ya riƙe ta yana jiran ta tashi. Abin da ya kawo mini ranar Alhamis da ta wuce, bayan 'yan canji sun gama da shi, da ƙyar ya kai kuɗin sa ɗaya. Abin da na faɗa masa a zaure ba zan rubuta ba. Sunansa ma na rubuta sau ɗaya, ya isa.

Bijimai ukun nan su ne tsufana da na Asma'u. Fansho yana sayen cefane, amma ba ya gyara rufin ɗaki, ba ya kai mutum asibitin Maradi in ciwo ya zo. Alhamdu lillahi, lafiyarsu ƙalau, suna ci kamar ba su san an shiga wani hali ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Dussa ta ƙara kuɗi. Ɗan nawa ya koma shagonsa tun ranar nan. Ban kira shi ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, bayan azahar

Na zauna a majalisarmu ta tsofaffin ma'aikata, ƙarƙashin dalbejiyar bakin gidan waya. Na yi kuskure na buɗe baki, sai kowa ya zama likitan dukiya. Wani ya ce in sayar yau-yau in sayi fili a Maradi, ƙasa ba ta mutuwa. Wani ya ce in sayi wake in ɓoye. Na ce wake yanzu, da tsadarsa ta kai bango? Wani ya ce in riƙe, hanya za ta buɗe kafin azumi, wai ɗan ƙanwarsa da ke Yamai ya gaya masa. Na lura duk masu ba ni shawarar nan ba wanda ke da ko tunkiya.

Da a aji ne, da na ba kowannensu uku bisa goma, don ƙoƙari. Amma na gode musu. Mutum ya samu waɗanda za su yi gardama a kan damuwarsa har shayi ya huce, ba ƙaramin abu ba ne.

Da na dawo na tsaya a turke. Na raɗa musu suna tun ranar da suka zo. Babban jan nan shi ne Inspekta, don ba ya komai sai ci da kallon mutane. Akwai Ɗan Baya, malalaci, kullum a kwance. Sai Gwani, wanda ya taɓa jan amalanke kafin in saye shi. Inspekta ya dube ni yana tuƙa, na ji kamar zai tambaye ni takardun shirin darasi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri da 'ya'ya. Ban san wa ya gaya masa ba. Ko kuma ba wanda ya gaya masa.

Litinin, 12 ga Fabrairu, da la'asar

Na kai Inspekta kasuwar bisashe, na dawo da shi.

Tun ina yaro ban ga kasuwar nan haka ba. Shanu tsaye reras, masu su tsaye reras, ba mai taya. Wurin da manyan motoci ke tsayawa, yau mata ne ke shanya barkono. Rabilu dillali, wanda na koyar a aji huɗu a zamanin da hancinsa ke yoyo, ya zagaya Inspekta sau biyu, ya daki gadon bayansa, sannan ya kama hannuna a ƙarƙashin riga ya matsa mini yatsu. Da na gane adadin, na janye hannuna.

Na ce, "Rabilu, abin da ka taya ko kuɗin da na saye shi bai kai ba. Ina dussar wata takwas?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wallahi ba ni ba ne, kasuwa ce. Sa irin wanga sai mai babbar mota. Mahautan garin ga mi za su yi da shi? In sun yanka, wa za ya saye naman? Ni ban son in cuce ka, kai ka koya mani ƙidaya."

Na ce da na sani da ban koya masa ragewa ba. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa a baki ta tsaya. Na ja sana muka komo gida ta bayan gari don kada in bi ta gaban majalisa. Na gode wa yaron nan, bai yi mini ƙarya ba.

Laraba, 14 ga Fabrairu, da hantsi

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na buɗe rumbu na fitar da damin gero shida, na sa aka sussuke, na sayar na sayi dussa da harawa. Wato na ɗauki abincin mutane na ba shanu.

Asma'u tana tankaɗe, ta ga komai, ta jira sai da masu sussuka suka fita. Sannan ta ce, "Malam, rumbun ga hwa shi za ya kai mu kaka."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ka saida biyu mana, ka sayi awaki. Akuya ko kasuwa ta mutu ana bukatarta. Mai suna shina so, mai tsire shina so, kuma ganye take ci."

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce, "Darekta guda da awaki? Sai in riƙa bin su da tsumagiya ina me-e-e? Wannan ai sana'arku ce ta mata." Na kuma tuna mata yadda ta yi da nata. Duk ƙauyen da aka tura ni aiki sai ta sayi jar akuya, in aka ɗauke ni kuma sai ta bar wa wata mata ta taho hannu rabbana. Urafane ta bar ɗaya, Mairairai ta bar biyu, haka sauran wurare. Shekara da shekaru ina tsokanarta da cewa ita ce mai sayen akuya don ta yi kyauta.

Ta ce, "To, Darekta." Ta ci gaba da tankaɗenta. In ta kira ni Darekta ba Malam ba, na san na faɗi jarrabawa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, bayan asuba

Ban kira shi ba. Shi ma bai kira ba. Uwarsa dai ina jin wayarta na kuka, sai ta shiga madafa.

Asabar, 17 ga Fabrairu, bayan la'asar

Attahiru ya zo daga Mairairai. Buzu ne makiyayi, abokina tun ina koyarwa a can, shi ya zaɓar mini bijiman nan biyar bara. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakin Ɗan Baya, ya ce sun kai iyakar ƙibarsu, duk abin da na ba su daga yau taki kawai zai zama. Na ce ai taki ma abu ne. Ya ce i, amma bai taɓa ganin taki mai tsadar wannan ba.

Muna shayi ya ce ya bi ta Tasawa makon jiya. Na kurɓi shayina. Ya ce shagon kayan babur ɗin nan rabinsa wofi ne, don mai shagon ya zuba nasa jarin ma a tafiyar nan, shi ma naira ta cinye. Babur ɗinsa ma ya sayar, kuɗin yana cikin abin da ya kawo mini. Ban san wannan ba. Na ce shayin ya yi ɗaci, ya ƙara sukari.

Sai ya ɗauko labarin shekarar fari, lokacin da garkensa ya ƙare kaf, ya rage daga shi sai sanda. Ya ce wani Bafillace ya kora masa karsana ɗaya ya ce habbanaye ce. Na san al'adar: a ba ka aron dabba mace, ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma ga mai ita. Daga karsanar nan duk garkensa na yau ya fito.

Da Mushe yake kirana, wato malamin lekol a bakin mutanen ƙauye. Ya ce, "Mushe, ka san abin da ban mance ba? Mutumin nan bai tambaye ni yadda na yi tawa ta mutu ba. Kuma da laihina a ciki, don an ce in yi kudu da wuri na ƙiya. A wurinmu in za ka ba wanda ya rasa, ba ka tambaya. Ka miƙa igiya kawai."

Na ce labari mai kyau ne. Na tashi na ce zan duba ruwan shanu, alhali na ba su ruwa tun azahar.

Allah ya saka wa Attahiru. Tafiyar rabin yini ya yi don ya sha shayi mai ɗaci.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, da hantsi

Yau kasuwar Tasawa. Motoci uku sun wuce ta ƙofar gidana, yaran mota na kiran Tasawa, Tasawa. Na shiga ciki.

Laraba, 21 ga Fabrairu, bayan azahar

Na sake buɗe rumbu. Dami huɗu. Na leƙa ciki, yanzu sai na sunkuya sosai kafin hannuna ya kai.

Barci ba ya zama, abinci ba ya shiga. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa. Ina tsoron in wayi gari tsoho mai zuwa ƙofar tsofaffin ɗalibansa da sassafe yana gaisuwa mai tsawo. Na ga waɗanda suka yi, na kuma san yadda ake kallon ƙeyarsu in sun juya.

Amma Asma'u ta dama mini fura da nono mai kauri, ta zauna har na shanye. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, da la'asar

Kwana biyu ke nan Asma'u na yawan waya. Ta sayi kati har sau biyu, ita da ke cewa kati ɓarnar kuɗi ne. Ina jin tana cewa "ranar Litinin in Allah ya kai mu" da "a'a, ɗaya ta isa." Na tambaye ta, ta ce zancen mata ne. Na bar ta.

Ban kira shi ba.

Litinin, 26 ga Fabrairu, bayan magariba

Yau sai na rubuta a hankali, abin da ya faru da yawa.

Ban je kasuwa ba. Ina zaune a zaure da hantsi sai na ji sallamar mace da kukan akuya. Wata dattijuwa ce, ƙafafunta fari fat da tafiya, tana riƙe da jar akuya mai sheƙi, cikinta ya fito. Ta durƙusa ta ce, "Mushe, ba ka gane ni ba? Zara'u ce ta Urafane, mai kai maku ruwa gidan lekol."

Shekara ashirin da biyu rabona da ita. Na ce ina za ta da akuya, kasuwa ai tana can gaba. Ta ce, "Ta Madam ce na kawo mata."

Na ce wace Madam, wace akuya? Akuyar da Asma'u ta bar mata ai ko ƙashinta ya zama ƙasa. Zara'u ta dube ni kamar yadda nake duban yaron da bai iya biyu da biyu ba. Ta ce, "Habbanaye ce hwa, Mushe, ba kyauta ba. Ta Madam ba ta mutuwa. In uwar ta tsufa sai mu ware budurwa cikin ɗiyanta mu ce wagga ita ce ta Madam. Ni na samu nawa tun tuni, na miƙa ma maƙwabciyata Hadiza, ita ma ta samu ta miƙa gaba. Gida tara ta shiga a garinmu. Da kuɗin jikokinta na yi ma ɗiyata kayan ɗaki."

Kafin azahar wasu mata uku suka iso, biyu daga Mairairai, ɗaya daga wani ƙauyen da na yi shekara biyu kacal har na manta sunan maigarinsa. Kowace da jar akuya a igiya. Tsakar gidana ta cika da kuka da gaisuwa. Awaki huɗu, sumul-sumul, ban taɓa sayen ko tiya ɗaya ta dussa dominsu ba.

Na ja Asma'u gefe na ce mene ne wannan. Ta ce, "Yau kasuwa. A saida su a sai ma shanunka dussa. Ka bar mani rumbuna."

Matar nan da na shekara talatin ina yi wa dariya, ta tattaro abin da ta shuka a ƙauyuka uku don ta cika cikin Inspekta, saboda kada mijinta ya ji kunyar sayarwa da asara. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba na kaye ba ne.

Da na fito na ce ba akuyar da za ta je kasuwa. Na ce a ɗora wa baƙi tukunya, a yanka zakaran nan mai tashe ni tun kafin ladan. Asma'u ta ce, "To shanun hwa?" Na ce ta bar ni da su.

Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ta fi ni lissafi, ya kuma ba ta haƙurin da ba ta taɓa gaya mini ba.

Talata, 27 ga Fabrairu, da hantsi

Matan sun kwana, sun tafi da safe, kowace da akuyar da ta zo da ita. Na biya musu kuɗin mota, Zara'u ta ƙi karɓa sai da Asma'u ta ɗaure mata a bakin zane.

Na zauna na yi tunani kamar mai gyaran jarrabawar kansa. Ni na tara komai a turke ɗaya, a bayan gida ɗaya, ina jiran mai saye iri ɗaya daga hanya ɗaya. Ita ta warwatsa nata a hannun mutane, in ciwo ya shiga wani gari, na wani garin na nan. Nawa suna cin rumbuna, nata suna cin ganyen wasu suna kuma ciyar da su. Sifili bisa goma, Darekta.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, bayan azahar

A majalisa an ce lallai hanya ta kusa buɗewa, in na sayar yanzu zan yi kuka. Mai yiwuwa ne. Na ce musu ko ta buɗe gobe, na gama ɗora tsufana a kan abin da ba ni ke riƙe da mabuɗinsa ba. Wani ya ce ya ji wai awaki zan saya. Na ce i, jajaye, in ya ga ina bin su da tsumagiya ya gaishe ni.

Litinin, 4 ga Maris, da la'asar

Na sayar da Inspekta da Ɗan Baya. Rabilu ya samo wani mai kai shanu Yamai, ya yi ta ja da shi har ya ƙara ɗan abu a kan tayin wancan makon. Asara ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Kuɗin ba zan rubuta ba. Rabilu ya ƙi karɓar la'adarsa, na ce in bai karɓa ba zan sa shi durƙuso a gaban mutane kamar da, sai ya karɓi rabi.

Da za a hau da Inspekta mota ya tirje, ya waiwayo. Na kau da kai. Wata tara ina gaishe shi kafin in gaida kowa.

Gwani na nan. Zan haɗa masa amalanke ya riƙa ɗaukar kaya ranar kasuwa da taki zuwa gonaki, ya ci daga guminsa kamar kowa.

Kafin in bar kasuwa na shiga layin awaki, Asma'u na gefena tana duba haƙora da hantsa. Ni nawa riƙe igiya ne. Mun sayi takwas.

Laraba, 6 ga Maris, bayan azahar

Na raba abin da ya rage. Kashi ɗaya na mayar da gero cikin rumbu, har ya ɗan fi yadda na same shi. Kashi ɗaya na kai asusun ajiya, da kuɗin ƙasarmu sefa, inda ba ya haihuwa sosai amma ba ya cin dussa, don ranar ciwo. Sauran su ne awakin.

Asma'u ta riga ta san gidajen da za su. Biyu Urafane, biyu Mairairai ta hannun Attahiru, biyu nan cikin gari wurin wasu zawarawa. Ta ce in rubuta sunayen matan a kayena tunda ina son rubutu. Na ce su da suka riƙe amana shekara ashirin ba takarda, ni ne zan kawo musu rajista? Ta yi murmushi ta ce, "To, Malam."

Malam ta ce. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan masallaci

Shida sun tafi. Saura biyu a tsakar gida, duka da ciki. Asma'u ta ce akwai wata mata a unguwar mahauta. Na ce ta dakata. Ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Asabar, 9 ga Maris, da hantsi

Ban kira shi ba. Wannan ba maganar waya ba ce.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan magariba

Na shiga motar Tasawa da sassafe, awaki biyu a baya tare da buhunan albasa, ni a gaba da babbar rigata. Yaron mota ya ce, "Darekta, yau kai da awaki?" Na ce ni da su.

Daga tasha na ja su har shagon. Attahiru bai ƙara gishiri ba. Kantoci wofi, sai 'yan tayoyi biyu da kwalaben mai. Yana zaune a kan benci ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har bencin ya faɗi, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, wallahi ni na ɗauka za ta tashi. Kowa cewa yake a jira sati guda. In ka ba ni lokaci..."

Na ce ban zo jin wannan ba. Na shekara talatin da huɗu ina tambayar yara me ya sa, me ya sa, yau kam ban tambaya ba. Na miƙa masa igiyar.

Ya dubi igiyar, ya dube ni. Na ce, "Habbanaye ce. Duka biyun suna da ciki. 'Ya'yan naka ne, kai da matarka Shamsiyya da jikokina ku sha nono. In ka tsaya da ƙafarka ka maido mini uwayen, ko ka miƙa wa wani da ya rasa."

Ya ce, "Baba, ni da na ɓatar maka da shanu biyu za ka ba amana?"

Na ce, "Ni na ɓatar da biyu ranar Litinin, a gaban jama'a, kuma ba wanda ya kore ni daga zaure." Sannan na ce masa maganar da na yi ranar nan ta fi ƙarfin laifinsa, ya yafe mini. Ya rufe fuska yana kuka. Ɗaya akuyar ta sa baki ta fara cin kwalin da ke ƙofar shago, dole muka tashi mu biyu muka janye ta.

Na ci tuwo a gidansa. Matarsa Shamsiyya ta rasa inda za ta sa ni don murna. Ya rako ni tasha da ƙafa, tunda babur babu, yana riƙe da jakata kamar lokacin da yake bina lekol.

Da na iso gida Asma'u na bakin ƙofa, wai ta fito duban wata ne, ko gobe azumi. Ta ce, "Ina awakin?" Na ce na ajiye su inda ba za su ɓace ba. Ta juya ta shiga ciki da sauri tana goge ido da gefen mayafi.

Abin da ya rage mini na shekara talatin da huɗu yanzu yana cikin rumbu, da asusu, da wuyan Gwani, da gidajen mata shida, da hannun ɗana. Bai kai yadda na fara da shi ba. Amma yau na ci abinci har na nemi ƙari.

Wayata ta yi kuka yanzun nan. Lamine ne, yana tambaya ko na iso lafiya, da kuma ko akuya na cin kwali ba ta yi ciwo ba. Lamine. Na ce masa ya tambayi uwarsa, ita ce darektar wannan fannin.